Efo Senyo, Tafintan Majigi

A Tonukope, tun kafin ruwa ya cinye garin, in ana neman mai baki to Senyo Ametefe ake kira. Efo Senyo suke ce masa, wato Yaya Senyo a yarensu. Ɗan masunci ne, amma bai gaji kwalekwale ba. Ubansa ya sa shi makarantar mishan da ke ƙetaren kogi, ya yi 'yan shekaru har kunnensa ya kama Turanci. Da uban ya mutu sai ya dawo gida ya kama noman rogo da gyaɗa a bakin fadama. Dogo ne siriri mai faɗin goshi, in ya ɗaga murya a coci har masu wanki a bakin ruwa sai sun ji. Ya auri Ablavi mai suyar kifi, suka haifi namiji, Edem, da mace, Dzigbodi. Ba mai arziki ba ne, amma a gidansa ba a kwana da yunwa. Kogi yana kawo kifi, in ya janye kuma ya bar musu baƙar laka wadda ba ta ƙin shuka.

Wata shekara da bikin Ista motar majigi ta mishan ta shigo garin. Aka rufe tagogin coci da zannuwan mata don a samu duhu, aka rataya farin ƙyalle a gaban bagade, aka ta da janareta a waje. Fim ɗin na Ibraniyawa ne, yadda suka yi bauta a Masar da yadda Musa ya fitar da su. Dogo ne ƙwarai, ya kusa cinye yini, kuma duk maganar da Turanci ake yi. Katikis, malamin cocin, ya waiga ya ce, “Efo Senyo, zo ka tsaya nan ka riƙa gaya musu.”

Ya tsaya a gefen ƙyallen, ya fara da tsoro-tsoro. Kafin a canja faifai na farko ya riga ya sake. In Fir'auna ya yi magana sai ya kumbura wuya, in bayi suka yi nishi shi ma ya yi nishi. Mutanen da ba su taɓa ganin majigi ba suka ɗauki abin da zafi. Da masu bulala suka hau wani tsoho a ramin laka, mata suka yi ca suna zagi. Kpodo maƙeri, abokin Senyo tun suna yara, ya cire takalmi ya jefi Fir'auna a fuska, ƙyallen ya yi ta lilo.

“Kai Kpodo, hoto ne!” in ji katikis.

“Ko hoto ne ai ya ji a jikinsa!” in ji Kpodo.

Da teku ta rabu biyu kuwa, cocin ya kusa tsagewa. Wasu suka durƙusa, wasu suka haye benci, masunta suka riƙa dafa juna suna cewa, “Dubi ƙasan! A bushe yake!” Aka yi mako ba a yi wata hira ba sai ta fim. Masu kifi suna gardamar ko Ibraniyawan sun tsaya tsintar kifin da ruwa ya bari, mata suna cewa matar Fir'auna ce ta kai shi ta baro. Daga ranar yara suka laƙaba wa Senyo suna Musa, shi kuma yana jin daɗin sunan, ko da yake yakan nuna kamar bai so.

Ba a daɗe ba mutanen ofishin madatsa suka fara zuwa. Suka ce ana gina katafaren bango a can ƙasa don a tare kogi, ruwa zai taso ya shanye Tonukope da garuruwan da ke kewaye, don haka kowa sai ya tashi. Su ma tafinta suke nema, su ma Senyo aka ba su. Da mutane suka ƙi yarda, sai aka ɗauke shi a mota aka kai shi ya ga sabon wurin da idonsa. Aka nuna masa gida guda da aka gama, da rufin kwano, da famfo a tsakar gida. Aka nuna masa tarakta ja tana sheƙi. Aka ce kowane magidanci zai samu irin gidan nan, a nome masa gona, a kawo wutar lantarki.

Senyo bai ƙara komai ba, bai rage ba. Abin da ya gani da abin da aka gaya masa shi ya faɗa a ƙofar gidan Togbe, sarkin garin. Sai dai ya faɗe shi da muryar nan tasa, kuma ya yarda da shi har cikin ransa.

“Na murɗa ƙarfen da hannuna, ruwa ya zubo,” in ji shi. “Matanmu sun gama ɗaukar tulu. 'Ya'yanmu za su yi karatu da fitilar da iska ba ta kashewa.”

Wata tsohuwa, Mama Woenyo, wadda mijinta bai daɗe da mutuwa ba, ta ce, “Ɗana, ni da mai gidana fa? Shi ma an gina masa?”

Aka yi dariya. Senyo ya ce, “Mama, matattu suna hannun Allah. Masu rai ake ceto.”

Ranar tashi manyan motoci suka jeru. Aka ɗora tukwane, da akuyoyi, da turame, aka bar kwalekwale a ɗaure domin sabon wurin ba shi da kogi. Samari suna waƙa, suna ihu, “Musa, ina sandarka? Shiga gaba!” Senyo ya zauna kusa da direban motar farko, Edem a cinyarsa, ransa fari fat.

Sabon garin yana da suna a takarda, amma ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Layi ake ce masa, saboda gidajen a jere suke kamar an ja zare. Kowane gida ɗaki ɗaya ne tak, sai rufin kwano da ya zarce a kan ginshiƙai, wai kowa ya ƙarasa sauran da kansa. Mai 'ya'ya da yawa da gwauro duk ɗaya. Famfon gari ya yi aiki har ƙarshen damina ya tsaya. Tarakta ta zo ta kankare ƙasar sama, ta bar tsakuwa, ta tafi. Da suka nufi gonakin da aka nuna musu, sai ga mutanen ƙasar, masu wani yare dabam, sun tare su da adduna suna cewa ba wanda ya biya su diyyar filin kakanninsu. Wayoyin lantarki sun zo kam, amma a kan dogayen ƙarafa suka wuce ta saman garin suka nufi birni.

Senyo ya yi ta zirga-zirga zuwa ofis. Yau a ce babban ya yi tafiya, gobe a ce an canja shi. In ya dawo mutane suka tare shi a bakin hanya, sai ya ce an ce a yi haƙuri. Tun ana tarbarsa har aka daina. Tun ana ce masa Musa da wasa har sunan ya koma abin da ake faɗa ana taɓe baki.

An yi shekaru kafin motar majigi ta gano hanyar Layi. Da ta zo, fim ɗin nan dai ta kawo. A ɗakin makaranta aka nuna shi, domin har lokacin coci rumfa ce. Katikis ya tsufa, ya zo har gida ya roƙi Senyo.

Ablavi ta ce, “Baban Edem, kar ka je. Mutanen nan cikinsu a cike yake da kai.”

“In ban je ba wa zai gaya musu? Maganar Allah ce, ba ta ofis ba.”

Ya je. Ɗakin ya cika, amma ba hayaniya irin ta da. Da aka nuno bayi suna taka laka, ba wadda ta zagi mai bulala. Sai muryar Kpodo ta fito daga baya. Maƙerarsa ta mutu tun zuwansu, ba mai kawo ƙugiya ko mashin kifi, ya koma shan akpeteshi, giyar nan mai ƙona maƙogwaro.

“Efo Senyo, tsaya in tambaye ka. Waɗannan bayin, ana ba su abinci?”

“Ana ba su ɗan abin da zai riƙe rai.”

“Kullum?”

“Kullum.”

“To a tambayar mini Fir'auna ko yana neman maƙeri.”

Aka fashe da dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Senyo ya ci gaba da fassara. Da aka zo wurin fita, Ibraniyawa suna kora dabbobi suna murna, wata mata ta ce, “Ku yi waƙa, 'yan uwa, mu ma mun yi.” Wani ya ce, “Ku koma! Wallahi ku koma tun da sauran hanya!” Yara da aka haifa a Layi suna ta waige-waige, ba su gane abin da ya sa manya suke yi wa hoto tsawa ba.

Mama Woenyo tana gaba a kan tabarma, ta rame ta zama kamar kara. Ta ɗaga hannu ta nuna ƙyallen.

“Ɗana, wancan da suka naɗe suke ɗauke da shi a kafaɗa fa?”

Senyo ya ce, “Ƙasusuwan kakansu ne, Mama. Sun tafi da shi.”

“Ashe ana yi,” in ji ta. “Ashe ana tafiya da su.”

Ta naɗe tabarmarta, ta dogara sanda, ta ratsa mutane ta fita. Senyo ya bi ta da ido har fim ya yi nisa bai fassara ko kalma ba, sai da katikis ya taɓa shi.

Da Fir'auna ya biyo su da karusai, wani manomi ya ce, “Su dai suna da daraja, har an biyo su. Mu wa ya taɓa biyo mu ya ga ko mun mutu?” Da ruwa ya rabu ba wanda ya hau benci. Da ya koma ya rufe rundunar Masar, sai Kpodo ya miƙe tsaye.

“Yawwa! Ga mu nan! Tun ɗazu nake neman mu a fim ɗin nan. Ba mu ne masu tsallakewa ba, jama'a, mu ne na ƙarƙashin ruwa. Musa, ka yi kuskuren layi, ka sa mu a bayan dawaki!”

Katikis ya ce a fitar da shi. Samari biyu suka riƙe shi, yana tirjewa yana cewa, “Ku sake ni, ina so in ga inda suka isa! Efo Senyo, sun isa kuwa? Faɗa musu gaskiya, sun isa?”

Senyo ya san ƙarshen fim ɗin. Ya san cewa waɗanda suka fito manya a jeji suka ƙare, shi kansa jagoran daga nesa ya hango ƙasar. Da aka zo wurin ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa, ya ƙara da cewa amma 'ya'yansu sun shiga. Wannan maganar ya riƙe ya koma gida da ita. Ya ce wa Ablavi, “Mu ne ba za mu gani ba. Edem zai gani.”

Edem ya girma ya zama ƙaƙƙarfan saurayi mai yawan shiru. Makarantar Layi ba ta wuce firamare ba, gonar ubansa kuwa ko jakar masara ba ta cikawa. Ya ji ana samun kifi a sabon tafkin da madatsar ta yi, ya ce zai bi wani mai kwalekwale. Senyo ya hana, ya yi faɗa, ya yi lallashi.

Edem ya ce, “Baba, kakana masunci ne. Kai ka ɗauko ni daga bakin ruwa ka kawo ni kan dutse. Me zan ci a nan?”

Ya tafi. Yakan aiko da busasshen kifi, wani lokaci da sabulu da gishiri. Ana haka har damina ta zagayo sau biyu. Tafkin kuwa ba a sare itatuwan da ke cikinsa ba kafin ruwa ya taso, suna nan tsaye a ƙarƙashi, suna kama taru, suna fasa jirage. Wata safiya tarunsu ya maƙale, Edem ya nutsa don ya kwance shi, bai fito ba. Mai kwalekwalen ne ya zo da kansa ya faɗa, yana murza hula a hannu. Ya ce sun yi ta nema har rana ta faɗi, washegari ma suka nema, ba su samu ba.

Ablavi ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a bakin murhu har aka gama zaman makoki. Da aka watse ta haɗa kayanta a kwando. Dzigbodi ta riga ta yi aure a birni, can za ta.

“Davi, ki bari a yi damina,” in ji Senyo, da sunan da ya saba kiranta a gida.

“In ga me? Ba na zarginka, baban Edem. Amma in na ji muryarka sai in tuna ranar da muka hau mota. Ba zan iya ba.”

Ya raka ta bakin hanya ya ɗora mata kwandon. Bayan 'yan shekaru aka aiko masa ta rasu a can.

Daga nan idonsa ya fara dushewa. Ciwon da ƙananan ƙudajen kogi ke sawa ne, tun a tsohon gari ya kwaso shi, yana cinsa a hankali. Da farko hazo-hazo yake gani, daga baya sai inuwa, daga baya sai duhu. Layi ma yana ta raguwa. Samari sun watse, wasu tafki, wasu birni. Gidajen da aka bari iska ta yaye musu kwano, mutanen ƙasar suka mai da wasu rumbun masara.

Wanda ya riƙa jan sandarsa kuwa Kpodo ne. Ba wanda ya sa shi. Wata rana dai ya tarar da Senyo yana lalube a bayan gida ya kusa faɗawa rami, ya kama kan sandar ya ce, “Taho, Musa, yau ni ne a gaba.” Shi ke nan. Kullum da hantsi sai ya zo ya ja shi zuwa gindin dalbejiyar makaranta, su zauna suna faɗa kamar kaji. Kpodo ya zage shi, shi ya ce masa mashayi, in rana ta yi sanyi su dawo tare.

Wata Ista wani sabon fasto, yaro mai zafin aiki, ya zo da talabijin da kaset da ƙaramin janareta. Ya ji labarin tsohon tafinta, ya zo ya durƙusa, ya kira shi da sunan girma da ake kiran sarakuna da dattawa, ya ce, “Togbe, an ce ka san fim ɗin nan kamar tafin hannunka. Ka taimaka mana.”

“Ɗana, ba na gani.”

“Ai kana ji.”

Kpodo ya ja shi zuwa coci. Mutanen ba su cika benci uku ba, yawanci tsofaffin mata ne da jikokin da aka aiko musu daga birni. Aka kunna. Senyo ya zauna a kujera, yana jin kiɗan yana faɗin abin da ke faruwa, ba ya kuskure. Muryar dai ta shaƙe, ba ta kai ƙofa. Yaran suka gaji tun ba a je ko'ina ba. Wani ya ce ruwan ƙarya ne, an ga alamar haɗi. Wata ta ce ba faɗa a ciki, a sa musu na harbe-harbe. Tsofaffin matan wasu suka yi gyangyaɗi.

Da aka gama fasto ya tashi da fara'a ya ce, “To, iyayena, me muka koya? Kowa ya faɗi ra'ayinsa. Ba mun ga yadda Allah yake jin kukan mutanensa ba?”

Wata tsohuwa ta ce, “Fim ne mai kyau, Fasto. Kayan matan ma masu kyau ne.”

“Togbe Senyo fa? Kai da ka fi kowa saninsa?”

Senyo ya shafa kan sandarsa. Sannan ya ce, “Da ina cewa labarinmu ne. Na tsaya a gaban mutane na faɗa musu haka. Yanzu na gane labarin waɗansu ne. Allah ya yi musu, na kuma yarda ya yi musu. Mu dai mun kalla.”

Fasto ya buɗe baki zai yi magana, Kpodo ya ce, “Bar shi, yaro. Tun kafin a haife ka nake jiran ya faɗi wannan.” Amma bai yi dariya ba. A hanyar komawa ma bai zage shi ko sau ɗaya ba. Da suka iso ƙofa ya ce, “Ni ma fa na hau motar nan da ƙafata, Efo. Har waƙa na yi.” Senyo ya ce, “Na ji ka. Muryarka ba daɗi.” Suka rabu a haka.

Kpodo bai kai wata Istar ba. Hanta ce ta kumbura, ya kwanta, ya tafi. Senyo bai samu mai kai shi jana'iza ba sai da aka kusa gamawa, wata maƙwabciya ta tuna da shi ta zo ta ja shi. Ita ce kuma ta ci gaba da ajiye masa tuwon masara da ɗan yaji a bakin ƙofa. Dzigbodi ta aiko a kawo shi birni, ya ce a gaya mata ya yi tashi ɗaya a rayuwarsa, ya ishe shi. Ya daina zuwa gindin dalbejiya, ya daina zuwa coci. Yakan zauna a ƙarƙashin rufin nan da bai taɓa samun halin kewaye shi da bango ba, akuyarsa a ɗaure a ginshiƙi, in ya ji tafiya ya tambaya ko wane ne.

Da tsakiyar rani maƙwabciyar ta kawo tuwo ta tarar da na jiya a rufe ba a taɓa ba. Ta tura ƙofa ta same shi a kan tabarma ya riga ya sandare. Saboda zafi ba a iya jira ba, fasto da 'yan tsofaffin da suka rage suka binne shi a bayan makaranta. Saƙo bai isa birni da wuri ba, sai bayan an gama komai Dzigbodi ta iso. Ta yi kukanta, ta share ɗakin, ta ba maƙwabciyar akuya da tukwane. Washegari da safe ta sa kwaɗo a ƙofa, ta bi motar masu rogo ta koma.